Cinikin Biri a Sama

Shekara talatin da ɗaya ina kasa tumatir a Kasuwar Dole.
Na san gwamnati kamar yadda kaza ta san shaho:
takan zo da hantsi, tikiti a hannu,
ta yaga, ta miƙo, ta wuce rumfar gaba.

Rana ma na san ta.
Ita ke hawa kwandunana tun daga Mirya,
kafin la'asar ta cinye ɗaya cikin uku,
ruɓaɓɓen in zuba wa awakin Laminu.
Maƙiyana biyu ke nan. Ban taɓa zaton
za su haɗu a tsakar gidana su sha ruwa ba.

Barira ce ta gayyato su,
autata, wadda ta farke mini rediyo biyu tana ƙarama
don ta ga mai magana a ciki.
Ta dawo daga jami'a da zane a takarda:
ɗaki mai bango biyu, faranti takwas bisa rufi,
rana ta bugi sama, sanyi ya sauka ƙasa.
Na ce, "Ɗiyata, wuta ba ta haifar ƙanƙara."
Ta ce, "Baba, ba ni wata shida."

Wata shida ya zama goma sha tara.
Banki ya ce a kawo takardar fili;
filin na gado ne, mu bakwai,
biyu cikinmu ba sa ga-maciji.
Ta sayar da babur ɗinta.
Batir na farko ya kumbura kamar cikin jaki.
Maƙwabta suka sa wa ɗakin suna Kabarin Kuɗi.

Sai aka ji labarin asusun gwamnati
na masu dabarar da ba ta hayaƙi.
Takardu suka je Yamai sau uku, sau uku suka dawo:
yau hatimi ya karkace,
gobe shafi na tara ya ɓace a hanya.

Ran da suka zo, Laraba ce, famfo bai kawo ruwa ba.
Maza biyu da wata mace mai tabarau
suka zauna kan tabarma gefen randa.
Na ce, "Bashi ne?" Ta ce a'a.
"Kyauta ce?"
"A'a, Malam, saye muka zo yi. Ɗaya cikin biyar."
"Na me?"
"Na abin da zai zama."
Na dubi ɗakin, rabinsa bulo, rabinsa buri.
Na ce, "Wannan ai cinikin biri a sama ne."
Ta ce, "In ya sauko, mu ci tare.
In ya tsere, ba mai taɓa gidanka."

Sai na tuna da Inna
tana ba da tunkiya kiwo can wajen Dogo:
ɗan fari na mai kiwo, na biyu nata,
in ajali ya zo ba a zuwa gaban alƙali,
fata kawai ake kawowa shaida.
Ashe gwamnati ma ta taɓa yin uwa.

Rabin kuɗin ya shigo. Rabin na nan tafe,
tun watan azumi yake tafe.

Amma jiya na tura ƙofar na shiga.
Tumatirin Litinin, ga shi Jumma'a,
na matsa shi da babban yatsa, ya ƙi ni.
Ma'azu mai kabeji ya biya dala ashirin kan kwando,
Tsahara ta kawo nono ƙwarya biyu tana ta ƙorafi.

Da hantsi mai tikiti ya iso.
Bai yaga komai ba tukuna.
Ya tsaya bakin ƙofa, ya cire hula,
ya bar sanyi ya taɓa masa sanƙo.

Ban ce na yarda da shaho ba.
Takardar tana cikin gafaka, ƙarƙashin katifa,
kullum sai na ƙirga shafukanta,
na tara ɗin na fi dubawa.